Alexander Fleming (1881–1955): Rayuwa Tsakanin Annobar Mura da Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magani

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Alexander Fleming, likitan nan ɗan ƙasar Sukotilan wanda ya gano fenisilin a shekarar 1928. An fi saninsa da labarin fumfunar da ta tsiro a farantin gwajinsa. Abin da ba a cika ambatawa ba shi ne, amfanin farko da ya yi da fenisilin yana da nasaba da annobar murar 1918, lokacin da masana suka ɗora wa wata bakteriya laifin da daga baya aka gane na bairos ne. Maƙalar ta nuna yadda ruɗani tsakanin waɗannan ƙwayoyin cuta biyu ya ratsa aikin Fleming, da yadda ya wanzu bayan rasuwarsa har zuwa annobar korona, inda ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin da magani ke rasa kaifinsa.

1.0 Gabatarwa

A Hausar yau da kullum, ƙwayar cuta suna ne da ya haɗa halittu biyu da suka sha bamban. Bakteriya tana rayuwa da kanta, tana ci, tana hayayyafa ta hanyar rabuwa gida biyu, kuma yawancin ire-irenta suna da bango da ya kewaye jikinsu. Bairos kuwa ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba shi da irin wannan bango, kuma ba ya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar wani mai rai. Fenisilin da danginsa suna kashe bakteriya ne ta hanyar hana ta gina bangonta, don haka ba su da abin da za su kama a jikin bairos. Haka nan kalmar mura ta haɗa ɗan masassarar da ke zuwa da majina da kuma babbar murar nan mai kwantar da gari. A wannan maƙala, babbar ake nufi.

Wannan bambanci, da a yau ɗalibin sakandare ke iya haddacewa, bai bayyana wa likitocin duniya ba game da cutar mura sai da Fleming ya haura shekara hamsin. Tarihinsa yana nuna yadda aka kai ga gane shi, da kuma irin asarar da ake yi idan aka mance da shi.

2.0 Asali da Tasowa

An haifi Alexander Fleming ranar 6 ga Agusta, 1881, a wata gona mai suna Lochfield, kusa da garin Darvel a yankin Ayrshire na Sukotilan. Mahaifinsa, Hugh Fleming, manomi ne, ya kuma auri mahaifiyarsa, Grace Morton, bayan rasuwar matarsa ta fari. Alexander shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas na gidan. Yana ɗan shekara bakwai mahaifin ya rasu, riƙon gida da gona ya koma hannun mahaifiyar da babban wansu.

Ya fara karatu a makarantar ƙauye, sannan ya koma ta Darvel, wadda yake zuwa a ƙafa, daga nan ya wuce makarantar Kilmarnock. Yana wajen shekara 14 aka tura shi Landan wurin wansa Tom, wanda likita ne. Bayan ɗan ƙarin karatu, ya yi shekara huɗu yana aikin akawu a wani kamfanin jiragen ruwa. A 1900 ya shiga rundunar 'yan sa-kai ta London Scottish, inda ya ƙware a harbin bindiga. Yana da shekara 20 gādon wani baffansa ya faɗo masa, kuma da shawarar Tom ya yi amfani da kuɗin wajen shiga makarantar koyon likitanci ta asibitin St Mary's da ke unguwar Paddington.

Ya kammala a 1906, ya kama aiki a sashen allurar rigakafi na asibitin, ƙarƙashin Almroth Wright. Wright, wanda ya yi suna da rigakafin taifot, ya yi imani cewa garkuwar jikin mutum ita ce babban makami a kan bakteriya, kuma aikin likita shi ne ƙarfafa ta. Wannan tarbiyya ta bi Fleming har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka, lokacin da Paul Ehrlich na Jamus ya fito da maganin tunjere mai suna Salvarsan a 1910, Fleming yana cikin likitocin Ingila na farko da suka yi wa majiyyata allurarsa. A nan ya fara ganin cewa sinadari na iya shiga jini ya kashe ƙwayar cuta, ya bar mai jikin da ransa.

3.0 Yaƙi da Annoba

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Fleming ya bi Wright zuwa Faransa a matsayin likitan soja. Sun kafa ɗakin bincike a wani tsohon gidan caca a garin Boulogne. Sojojin da ake kawowa daga fagen fama raunukansu cike suke da ƙasa da tsummokara, kuma da yawa daga cikinsu ruɓewar ciwo ce ke kashe su bayan harsashi ya bar su da rai. Al'adar likitoci a lokacin ita ce kwarara sinadaran wanke ciwo masu ƙarfi a cikin rauni. Fleming ya narka kwalbar gwaji, ya yi mata lunguna irin na rauni mai zurfi, ya nuna cewa sinadarin ba ya isa ga bakteriyar da ta ɓuya a lungunan. Ya kuma nuna cewa sinadaran sun fi saurin hallaka fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki, a kan bakteriyar da aka nufa. A 1915, cikin hutun soja, ya auri Sarah McElroy, ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Ayalan.

Ana dab da ajiye makamai sai ga annobar mura ta 1918. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne ta kashe kimanin mutum miliyan 50 a duniya, adadin da ya zarce na waɗanda yaƙin ya ci. Ta iso Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na shekarar, ta bi layin dogo da hanyoyin fatauci zuwa Arewa, inda tsofaffi suka riƙe ta da sunan marisuwa. A asibitocin soja na arewacin Faransa, inda Fleming yake, samari majiya ƙarfi suna kwantawa da zazzaɓi, bayan 'yan kwanaki huhunsu ya cika, numfashi ya gagara.

Likitocin wancan zamani suna ganin sun san mai laifin. Tun 1892 wani masanin Jamus, Richard Pfeiffer, ya ba da sanarwar gano wata 'yar mitsitsiyar bakteriya a majinar masu mura, aka kuma laƙaba mata sunan cutar. Matsalar ita ce, a 1918 wasu ɗakunan bincike suna samun ta a jikin majiyyata, wasu kuma ba sa samu. Masu goyon bayan Pfeiffer suka ce laifin na masu binciken ne, domin bakteriyar tana da wuyar reno: sai an sa mata jini a abincinta, kuma sauran bakteriyoyin maƙogwaro suna rige ta girma su lulluɓe ta a faranti. Fleming ya shiga wannan muhawara ta ƙofar da ya fi sani, wato aikin hannu. A 1919 ya wallafa takarda a mujallar Lancet kan hanyoyi masu sauƙi na haɗa abincin renon bakteriyar Pfeiffer. Tambayar yadda za a ware ta daga cikin maƙwabtanta ta ci gaba da zama a ransa bayan ya koma St Mary's.

4.0 Daga Majina Zuwa Fumfuna

A ƙarshen 1921, yana fama da mura, Fleming ya ɗiga majinarsa a farantin reno. Bayan wani lokaci ya lura cewa wata bakteriya da ta tsiro a farantin ta narke a kewayen majinar. Ya bi diddigi ya samu sinadarin da ke wannan aiki a hawaye da yawu da farin ƙwai, aka sa masa suna laisozayim, ya wallafa sakamakon a 1922. Sinadarin bai da ƙarfi a kan bakteriyoyi masu kisa, don haka bai ja hankalin likitoci ba. Amma a lokacin wannan aiki Fleming ya ga abin da zai dawo masa daga baya: idan aka yi ta renon bakteriya a cikin sinadarin da bai kai ya kashe ta ba, zuriyarta takan zama mai jure masa.

A watan Satumba na 1928, shekarar da ya zama farfesa, ya dawo daga hutu ya tarar da fumfuna ta tsiro a ɗaya daga cikin farantan da ya bari ɗauke da bakteriyar stafilokokas, mai haddasa maruru da ruɓewar ciwo. A kewayen fumfunar bakteriyar ta ɓace. Ya reni fumfunar a ruwan romo, ya tace, ya gwada ruwan a kan bakteriyoyi iri-iri. Ya samu yana hana girman stafilokokas da streptokokas da masu kawo ciwon huhu da sanƙarau da mashaƙo da ciwon sanyi, kuma ba ya cutar da fararen ƙwayoyin jini. A watan Maris na 1929 ya raɗa masa suna fenisilin, daga sunan dangin fumfunar.

Akwai bakteriyoyin da ruwan bai taɓa su ba, kuma ta Pfeiffer tana cikinsu. Ga mai neman magani wannan naƙasu ne, amma ga mutumin da ya shekara goma yana neman hanyar ware ta, abin nema ne ya samu. Idan ya shafa majinar majiyyaci a faranti, ya ɗiga fenisilin a rabinsa, sai sauran bakteriyoyin su mutu a wannan rabi, ta Pfeiffer ta tsiro ita kaɗai, kamar gonar da aka yi wa noma. Taken takardar da ya wallafa a 1929 ya ambaci wannan amfani ƙarara, kuma shi ne abin da fenisilin ya fi yi a ɗakin bincikensa na tsawon shekaru. A 1930, shi da abokin aikinsa Ian Maclean suka yi amfani da dabarar suka nuna cewa ana samun bakteriyar a bakin mutane masu cikakkiyar lafiya, abin da ya ƙara raunana zargin da ake yi mata.

A 1933 aka warware takaddamar. Masana uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka tace ruwan maƙogwaron masu mura ta matacin da bakteriya ba ta iya ratsawa, suka ɗiga shi a hancin wata dabba mai kama da tunku da ake kira feret, dabbar ta kamu. Bairos ne ke kawo mura. Bakteriyar Pfeiffer mai cin moriyar ɓarna ce kawai, kodayake har yau sunanta na kimiyya, Haemophilus influenzae, yana ɗauke da tsohon zargin.

Sai dai wannan bai wanke bakteriya baki ɗaya ba. A 2008, David Morens da Jeffery Taubenberger da Anthony Fauci sun sake nazarin naman huhun da aka adana da rahotannin binciken gawa na 1918, suka kai ga cewa mafi yawan mace-macen sun faru ne sanadiyyar ciwon huhu na bakteriya da ya biyo bayan murar. Bairos yakan ɗaye fatar hanyar numfashi, bakteriyoyin da ke zaune a hanci da maƙogwaro su samu ƙofa su gangara huhu. Manya daga cikinsu su ne waɗanda Fleming ke sharewa daga farantinsa a matsayin ciyawa. Ashe maganin da zai iya ceton ɗimbin mutanen 1918 yana hannunsa, yana amfani da shi wajen farautar wadda aka zarga bisa kuskure.

5.0 Aikin Oksfod da Zuwan Shahara

Fleming ya ambaci yiwuwar amfani da fenisilin a kan ciwo, kuma mataimakansa biyu, Stuart Craddock da Frederick Ridley, sun yi ƙoƙarin tace shi. Sinadarin ya ƙi zama: ɗan kaɗan ne a cikin ruwa mai yawa, kuma yana lalacewa da wuri. Fleming ba masanin haɗa sinadarai ba ne, bai kuma gwada maganin a jikin dabbar da aka sa wa cuta ba. Abin da ya yi shi ne adana irin fumfunar da raba shi ga duk wanda ya nema.

Daga irin wannan kyauta ne Howard Florey, ɗan Ostareliya, da Ernst Chain, Bayahuden da ya tsere daga Jamus, suka fara aiki a Jami'ar Oksfod, tare da Norman Heatley wanda ya ƙirƙiro dabarun tacewa. Ranar 25 ga Mayu, 1940, suka sa wa ɓeraye takwas streptokokas, suka ba huɗu fenisilin. Kafin wayewar gari huɗun da ba a ba su ba sun mutu, sauran suna raye. A watan Fabrairu na 1941 suka gwada shi a kan wani ɗan sanda da cuta ta shiga jininsa. Ya fara murmurewa, maganin ya ƙare, ya rasu. A wannan shekara Florey da Heatley suka tafi Amurka, inda aka gano a garin Peoria cewa ruwan jiƙon masara yana ninka yawan abin da fumfunar ke samarwa, kamfanoni suka shiga sarrafawa.

A 1942 Fleming ya roƙi Florey fenisilin, ya warkar da wani mai sanƙarau a St Mary's. Wright ya rubuta wa jaridar Times cewa yabon na Fleming ne. 'Yan jarida suka je Oksfod, Florey ya ƙi ganinsu. Suka je St Mary's, Fleming ya karɓe su. Daga nan sunan mutum ɗaya ya rufe aikin mutane da yawa. An ba shi sarautar Sir a 1944, sannan a 1945 ya raba kyautar Nobel da Florey da Chain. Heatley bai shiga cikinta ba.

6.0 Gargaɗin 1945

Fleming mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ɗalibansa ba su ɗauke shi gwanin lacca ba. Amma da shahara ta ba shi mumbari, ya yi amfani da shi wajen jan kunne. A laccar Nobel da ya gabatar a Stockholm ranar 11 ga Disamba, 1945, ya bayyana cewa abu ne mai sauƙi a koya wa bakteriya jure wa fenisilin a ɗakin gwaji, ta hanyar ba ta adadin da bai isa ya kashe ta ba. Ya hango lokacin da kowa zai iya sayen maganin a kanti. Ya kawo misalin mai ciwon maƙogwaro da ya sayi fenisilin ya sha ɗan kaɗan, bakteriyar ta tsira ta kuma ƙanƙame, ya harbi matarsa da ita, ta kamu da ciwon huhu, aka ba ta fenisilin bai yi aiki ba, ta mutu. Alhakin mutuwar, a ganinsa, yana wuyan mijin. Sara da sassaƙa, in ji Hausawa, ba ya hana gamji toho.

Yadda abin ke faruwa shi ne, a cikin miliyoyin bakteriya akan samu 'yan tsiraru masu wata kariya ta gado. Magani yana share masu rauni, ya bar wa masu kariyar fili da abinci, su hayayyafa. Tun 1940 Edward Abraham da Chain suka ba da rahoton wani sinadari da wasu bakteriyoyi ke fitarwa mai farfasa fenisilin. A asibitin Hammersmith na Landan, likita Mary Barber ta bi diddigin stafilokokas, ta nuna cewa zuwa 1948 fiye da rabin waɗanda aka samo daga majiyyatan asibitin ba sa jin maganin. A 1947 Birtaniya ta kafa dokar da ta hana sayar da fenisilin sai da takardar likita.

Ya kamata a lura cewa gargaɗin Fleming ya fi karkata ga ƙarancin abin da aka sha. Abin da aka fahimta daga baya ya fi haka faɗi. Duk lokacin da aka sha maganin, ko da a cike, yana tankaɗe bakteriyoyin da ke zaune lafiya a hanji da fata da hanci, ya fifita masu turjiya. Saboda haka mai murar bairos da ya sha maganin bakteriya bai taɓa cutarsa ba, amma ya horar da maƙwabtan da wata rana za su iya gangarawa huhunsa.

7.0 Ƙarshen Rayuwa da Abin da Ya Biyo Baya

Fleming ya gaji Wright a shugabancin sashensu a 1946. Sarah ta rasu a 1949, ta bar shi da ɗansu ɗaya, Robert. A 1953 ya auri Amalia Voureka, likita 'yar ƙasar Girka da ta yi aiki a ɗakin bincikensa. Ya rasu a gidansa na Landan ranar 11 ga Maris, 1955, sakamakon bugun zuciya, aka ajiye tokarsa a majami'ar St Paul's.

Shekara biyu bayan haka, a 1957, wata annobar mura ta taso daga ƙasar Sin ta zagaye duniya. Ita ce ta farko da ta zo bayan samuwar maganin bakteriya, kuma a cikinta aka ga tsoron Fleming a zahiri: ciwon huhu na stafilokokas ya biyo bayan murar, kuma sau da yawa fenisilin bai iya masa komai ba. Aka fito da metisilin domin toshe wannan ɓaraka, amma a 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton stafilokokas da ya bijire masa shi ma.

Annobar korona ta juya matsalar 1918 a baibai. Wancan karon akwai bakteriya babu magani. Wannan karon magani ya wadata, bakteriyar ce ba ta da yawa. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nazarin bayanan majiyyata kimanin 450,000 daga ƙasashe 65. Kashi 8 cikin ɗari ne kawai na waɗanda aka kwantar suke da cutar bakteriya da ke bukatar magani, amma kusan kashi 75 aka ba su, bisa tunanin ko da wani abu. A Amurka, cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce cututtuka masu bijire wa magani da ake kamuwa da su a asibiti sun ƙaru da aƙalla kashi 15 cikin ɗari a 2020. Tun kafin korona ma, wani babban nazari da Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai-tsaye a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

8.0 Kammalawa

Rayuwar Fleming ta fara da zamanin da likita ke tsaye kan mai ciwon huhu ba shi da abin ba shi, ta ƙare a zamanin da maganin ya fara dusashewa saboda yawan amfani. Tsakanin biyun akwai tambaya guda da ya gāda daga 1918, wato wace ƙwaya ce ke cin wannan majiyyaci. Shi da tsararrakinsa sun yi kuskuren amsa ta domin ba su da kayan aikin ganin bairos. Na bayansu suna da kayan aikin, amma tsoro da gaggawa da tsadar gwaji sukan sa a ba da magani kafin a yi tambayar.

Wannan ya shafi masu nazarin Hausa ta fuska ɗaya. Saƙon lafiya da ake fassarawa a rediyo da takardun asibiti yakan kira bairos da bakteriya da suna guda, ya kuma kira abin da ke kashe ɗayarsu maganin ƙwayoyin cuta. Mai sauraron da ya ji cewa ƙwayar cuta ce ke kawo mura, ya kuma ji cewa kafso yana kashe ƙwayar cuta, bai yi wauta ba idan ya nufi kyamis ya sayi guda huɗu. Harshen ne bai raba masa abin da ya ɗauki masana shekara arba'in da ɗaya, daga Pfeiffer zuwa 1933, kafin su raba ba. Samar da kalmomi biyu tabbatattu da jama'a za su karɓa aiki ne da likita ba zai iya shi kaɗai ba.